Kafin a Jinginar da Gonar Bakin Kanal Domin Karatun Tuƙin Jirgi

Duk wanda ya san ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam tun kafin a datse kogin Kano a Tiga, sa'an nan Allah Ya ja kwanansa har ya ga yadda take a yau, shinkafa tana bin alkama, alkama tana bin tumatir, ruwa kuwa yana gudu a kanal cikin tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin wasu garuruwa suka ƙafe, to, zai shaida cewa aikin nan da aka kammala a 1974, zamanin marigayi Gwamna Audu Bako, bai tsaya ga canja abin da ake shukawa ba, har burin da iyaye suke yi wa 'ya'yansu ya canja. Manomin da a da iyakar fatansa hatsin wannan damina ya kai shi wata damina, yau shi ne yake biyan kuɗin jami'a, yake sauke farali, yake kuma tambayar abin da ake kashewa kafin yaro ya zama likita ko injiniya. A 'yan shekarun nan kuwa wata tambaya ta ƙaru a majalisun dattawa, watau nawa ake kashewa kafin yaro ya zama matuƙin jirgin sama. Da yake kuma amsar takan zo da miliyoyin da ba a tara su daga cinikin kaka ɗaya ko biyu, sai zance ya gangaro kan gona, ko a sayar da eka kaza ta bakin kanal, ko a jinginar da ita.

Burin nan halal ne, abin yabo ne ma, kuma babu mai hankalin da zai ce ɗan manomin Kadawa bai cancanci kujerar da ɗan kowa yake zama a kai ba. Amma ni dai ra'ayina, a wannan zamani da kamfanonin jiragenmu suke ta rage jirage maimakon su ƙara, rabuwa da gonar rani domin neman lasisin tuƙi kasada ce wadda shari'a ba ta ɗora wa uba ba, hankali ma bai ɗora masa ba. Kuma nauyin da ya rage a wannan al'amari yana wuyan hukuma, wadda ta fara wani aiki ta bar shi a tsakiyar hanya.

Asalin mas'alar lissafi ne mai sauƙi, ko da yake masu tallar makarantu ba su cika son a yi shi a gaban iyaye ba. Yawan aikin matuƙa yana rataye ne da yawan jiragen da suke tashi. Da yake doka ta ƙayyade sa'o'in da matuƙi zai yi yana aiki a rana da wata da shekara, ta kuma wajabta masa hutu, jirgi ɗaya mai zirga-zirgar cikin gida yakan buƙaci matuƙa wajen goma, rabi kyaftin-kyaftin, rabi mataimaka. Saboda haka ranar da aka jingine jirgi ɗaya a gefen fili aka lulluɓe injinansa, gida wajen goma ne tukunyarsu ta shiga haɗari, ban da injiniyoyi da ma'aikatan cikin jirgi da masu lodin kaya. Illar kuma ba ta tsaya ga waɗanda aka sallama ba, domin su waɗannan, da yake suna da dubban sa'o'i a littafinsu, su ne za su tsaya a gaban layi duk ranar da wani kamfani ya buɗe ƙofa, shi kuwa yaron da ya fito daga makaranta jiya da sa'o'i kimanin 200, sai ya koma can ƙarshe, a bayan mutanen da suka girme shi a sana'ar da shekara ashirin.

Mu mutanen Kano bai kamata a ba mu wannan labari kamar baƙon abu ba, gama a gabanmu aka yi shi daga farko har inda ya kai yau. A Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a watan Nuwamba na 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar. A Zariya aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi a 1964, wadda har yau ita ce uwa ga yawancin matuƙanmu. Kamfanin ƙasa, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya taɓa mallakar jirage wajen talatin a farkon shekarun 1980, kuma a wancan zamani yaron da ya gama Zariya ya san inda zai nufa washegari. Sai rashin riƙon amana da bashi suka cinye kamfanin sannu a hankali, jiragen suka yi ta raguwa har ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, aka rushe shi a 2003, ma'aikatansa kuwa har 2018 ana ta batun haƙƙoƙinsu, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Kabo Air, na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, Allah Ya jiƙansa, wanda ya kafa a 1980, ya ɗauki 'yan Arewa masu yawa ya mai da su matuƙa da injiniyoyi, ya kwashi alhazai da manyan jirage samfurin Boeing 747, amma yau sai dai a ba da labari. Musibar da ta auku a unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002, sa'ad da jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidaje, ta sa gwamnati ta dakatar da jirage samfurin BAC 1-11, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙananan kamfanoni a lokacin, ta kuma sa wa jiragen da za a shigo da su iyakar shekaru; hukuncin daidai ne, babu mai jayayya da shi, amma dare ɗaya ya raba matuƙa masu yawa da abin tuƙi. A 2007 aka zo da sharaɗin ƙara jari, wasu kamfanonin suka kasa, suka naɗe tabarmarsu. Chanchangi na Kaduna da IRS na gidan Isyaku Rabi'u, waɗanda a wani lokaci ba a zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano ba a ga jiragensu ba, su ma sun bi sahu.

Abin da yake kashe kamfanonin nan a yau, idan an bi shi zuwa tushe, dala ce. Kamfani yana sayar da tikiti da naira, amma hayar jirgi da dala, inshora da dala, kayan gyara da dala, horon matuƙa a na'urar kwaikwayon jirgi, wanda ake maimaitawa kowane wata shida, shi ma galibi da dala. Sa'an nan ga babban gyaran da ake yi wa kowane jirgi bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu, wanda yawanci sai an kai shi ƙasar waje, kuma ba ya dawowa sai an biya. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da zirga-zirga watanni, ta hana aikin hajji ga mutanen waje shekara biyu a jere, har Air Peace, kamfani mafi girma a ƙasar, ya sallami matuƙa masu yawa a watan Agusta na shekarar, Bristow mai jirage masu saukar ungulu shi ma ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin ɗari. Ba a gama farfaɗowa ba sai man jirgi ya tashi daga naira 190 lita ɗaya zuwa naira 700, har ƙungiyar masu kamfanoni ta yi barazanar tsayar da aiki baki ɗaya a watan Mayu na 2022. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin wata takwas. A 2023 ɗin ce Azman, kamfanin Kano wanda ya fara jigila a 2014, ya tura ma'aikatansa hutu ba albashi, saboda jiragensa sun tafi gyara ba su dawo a kan lokaci ba. Ba ina ambaton waɗannan sunaye domin aibata kowa ba ne. Attajirin da ya zuba dukiyarsa a harkar da kuɗin shiga naira ne, kuɗin fita dala, jarumi ne, ko da kuwa ya faɗi.

To, cikin wannan yanayi ne ya kamata a auna abin da ya sami samarin nan ɗari da gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura makarantar Mideast da ke Amman ta ƙasar Jodan a 2013 domin su koyi tuƙin jirgi. Niyyar kyakkyawa ce, kuma an ɗebo yaran daga gidajen da ba su taɓa mafarkin irin wannan karatu ba, suka tafi, suka yi ƙoƙari, suka dawo da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci. Sai dai lasisin nan, wanda jama'a suke ɗauka shi ne ƙarshen karatu, a haƙiƙa ƙofar zaure ce kawai. Kafin kamfani ya zaunar da mutum a kujerar dama ta Boeing 737 ko Embraer, sai ya sami wata shaida ta daban, ta ƙwarewa a kan wannan samfurin jirgi shi kaɗai, wadda kuɗinta yakan haura dala dubu ashirin. Bayan ita kuma sai ya yi tafiye-tafiye a ƙarƙashin kyaftin mai horarwa kafin a sake shi. Ba kuma zai zama kyaftin ba sai ya tara aƙalla sa'o'i 1,500. A da kamfanoni su suke biyan kuɗin wannan shaida, su ɗaure yaro da yarjejeniyar wasu shekaru. Da jirage suka ragu, masu nema suka yi yawa, sai suka ce kowa ya zo da tasa. Wasu daga cikin ɗarin nan Allah Ya buɗa musu, suna tuƙi a yau, amma jaridu sun sha ba da labarin yadda da yawa suka yi shekaru suna zaune, ga lasisi a aljihu, babu jirgi.

Malaman usulu suna da wata ƙa'ida, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to, shi ma ya zama wajibi. Idan hukuma ta ga maslaha ce a sami matuƙa 'yan jiha, har ta kashe dukiyar baitulmali a kai, to, shaidar samfuri da kujerar farko sun shiga cikin abin da ta ɗauka wa kanta, domin ba tare da su ba abin da aka kashe tun farko ya koma almubazzaranci, ko da kuwa ba a nufi haka ba. Wannan ilmi kuma ba ya jira. Manoman Kwanar Gafan sun fi kowa sanin abin da nake nufi, su da suka ga an buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa a 2016, da alkawarin za ta riƙa shan tan 1,200 kowace rana, suka kuma ga yadda ta yi ta buɗewa tana rufewa, kwanduna suna jere a bakin titi, rana tana dukansu, mai kaya yana kallo farashi yana zubewa tun daga hantsi zuwa la'asar. Lasisin matuƙi haka yake: takardar lafiyarsa sai an sabunta ta kowace shekara, izinin tuƙi da na'urori shi ma yana ƙarewa, hannu kuma yana mantuwa, ta yadda wanda ya yi shekara huɗu bai tashi ba sai ya sake kashe wasu kuɗi kafin ya koma inda yake ranar da ya gama makaranta.

Na san hujjar da za a kawo mini, domin ita ce a bakin kowane dillalin makaranta: wai duniya tana ƙishin matuƙa, kamfanin Boeing ma ya yi hasashen za a buƙaci sababbi sama da dubu ɗari shida cikin shekara ashirin. Hasashen gaskiya ne an yi shi, amma ya kamata a tuna mai sayar da jirgi ne ya yi shi, kuma ƙishin da ake faɗa ƙishin gwanaye ne. Kamfanonin Dubai da Ƙatar, waɗanda suke kwashe mana kyaftin-kyaftin da albashin da ba za mu iya biya ba, ba sa duban baƙo sai yana da dubban sa'o'i a kan manyan jirage. Amurka kuwa tun 2013 ta wajabta sa'o'i 1,500 ga mafi yawan masu neman kujerar mataimaki, ban da sharaɗin izinin zama da na aiki. A can ɗin ma, a 2024, kamfanin Spirit ya tura ɗaruruwan matuƙa gida saboda matsalar injina ta tsayar masa da jirage, ya kuma jinkirta karɓar sababbin jirage. Watau yaronmu ba zai isa waccan kasuwa ba sai ya bi ta kasuwar gida, ita kuwa ta gida ita ce ta tsuke. Wanda yake son ya ga yadda ake yin abin da tadbiri, ya dubi Habasha, inda kamfanin ƙasa, wanda jiragensa suka haura ɗari tun 2018, yake da makarantarsa ta kansa, yana ɗaukar ɗalibai gwargwadon jiragen da ya yi oda, ta yadda kafin yaro ya gama an san kujerar da zai zauna. Mu kuwa an nuna mana sunan sabon kamfanin ƙasa, Nigeria Air, a bikin jirage na Ingila a 2018, aka kawo jirgi ɗaya Abuja a ƙarshen Mayu na 2023 aka ɗauki hotuna, ya koma inda ya fito, gwamnatin da ta biyo baya ta dakatar da maganar. Allah kaɗai Ya san yawan samarin da suka shiga makaranta da begen wannan suna.

Akwai wani abu kuma da yake ci mini tuwo a ƙwarya, wanda fasinja ba ya lura da shi sai ya ji muryar da take magana daga ɗakin tuƙi. Kamfanin da jiragensa suka maƙale a wurin gyara, domin kada ya rasa kasuwa, yakan yi hayar jirgi daga Turai tare da matuƙansa da injiniyoyinsa da inshorarsa, ya liƙa sunansa a jiki ko ma kada ya liƙa. A lissafin hukuma jirgi ya ƙaru, amma a lissafin matuƙanmu babu abin da ya ƙaru, sai ma dala da ta fita. Dalilin da ya sa masu jirage na duniya suka daɗe suna ƙin ba mu hayar jirgi tsurarsa, mu zuba namu matuƙan, shi ne tsoron idan an kasa biya kotunanmu za su hana su ɗauke kayansu. A watan Satumba na 2024 gwamnati ta sa hannu kan ƙa'idojin aiki da yarjejeniyar Cape Town domin kawar da wannan tsoro, kuma a ganina wannan takarda, wadda ba a yi mata kiɗa ba, ta fi amfani ga matuƙi marar aiki fiye da buɗe sababbin makarantu goma. Abin da ya rage shi ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta sa wa hayar jirgi da matuƙansa wa'adi, kada ta zama ɗabi'a.

Sa'an nan ga jigilar alhazai, wadda ita ce kasuwa mafi tabbas a Arewa, tunda kujerun da Saudiyya ta ware wa Nijeriya a 2024 sun kai 95,000, kuma kuɗin mutanen Kura da Bunkure da ire-irensu ne yake cika jiragen Max Air da Flynas da sauransu kowace shekara. Me zai hana Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta sa a cikin sharuɗɗan kwangila cewa duk kamfanin gida da ya sami rabo sai ya ɗauki adadi kaza na sababbin mataimaka ya horar da su a jiragensa na cikin gida? Ban ce a ɗora ɗan koyo a kan jirgi mai ɗauke da alhazai ɗari biyar ba, Allah Ya kiyaye, rai ba abin gwaji ba ne. Cewa na yi wanda ya ci ribar jama'a ya mayar da wani abu ta hanyar da ya fi kowa iyawa. Batun feshin tsuntsayen jan baki da jirgi, wanda manoman shinkafa da alkama suke roƙo duk shekarar da tsuntsayen suka yi yawa, wasu suna kawo shi a matsayin mafita, amma aiki ne na 'yan makonni, jirage kaɗan suke yinsa, ga kuma ƙananan jirage marasa matuƙi sun fara shigowa gonaki, don haka ba zan yaudari kowa da shi ba.

Kai kuwa Alhaji, mai eka biyar ko goma a bakin kanal, wanda ɗanka ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ni tuƙin jirgi nake so," kada ka kashe masa zuciya, amma kada ka bari soyayya ta rufe maka ido. Koyon sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsu farali ne na kifaya, idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, kuma a yau masu lasisi sun fi kujeru yawa. Hajji ma, da yake rukuni ne, Allah bai wajabta shi ba sai ga mai iko, malamai kuma sun yi dogon bayani a kan wanda tafiyarsa za ta bar iyali cikin tozarta. Balle karatun da ƙannen yaro da 'yan'uwansa mata suke da haƙƙi a cikin gonar da za a sayar dominsa. Ka tambayi mai makarantar ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da shaidar samfuri, kuma wane kamfani ne ya yi masa alkawari a rubuce cewa zai ɗauki ɗalibansa, kuma cikin waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce mutum nawa ne suke tuƙi yau. Idan ya fara kame-kame, ka ɗauki hularka. Idan yaron da gaske yake, ga hanyar sojan sama ta Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wadda gwamnati take ɗaukar nauyinta, makarantar tuƙinsu ɗaya ma a nan Kano take. Ga kuma karatun injiniyan jirgi da na kula da zirga-zirgar sama a Zariya, waɗanda kuɗinsu bai kai na tuƙi ba. In kuwa ya fara yin digiri tukuna, ya sami abin dogaro, sa'an nan ya nemi tuƙin da kuɗin da noman rani ya haifar a hankali, gonar tana nan, to, wannan ya fi kusa da tawakkalin da aka koya mana, wanda ake ɗaure raƙumi kafin a yi shi.

Gwamnatin Jihar Kano kuwa, ko wace jam'iyya ce take riƙe da ita, akwai ƙidaya ɗaya da ake binta bashi, kuma ba ta buƙatar kwamiti ko tafiya ƙasar waje: ta fito ta faɗa wa jama'a, cikin samarin nan ɗari na Jodan, nawa ne suke tuƙi, nawa ne lasisinsu ya mutu, nawa ne har yanzu shekarunsu da lafiyarsu za su bari a farfaɗo da su. Waɗanda za a iya cetowa, a zauna da Max Air da Azman da Air Peace da duk mai jirgi a ƙasar nan, a biya musu shaidar samfuri bisa sharaɗin kujera a rubuce, kuɗin kuma ya zama rance da za a riƙa cira daga albashi domin a horar da na bayansu. Kafin a gama wannan, kada a sake tura ko yaro ɗaya.